Batirin fitilar kekena ya mutu, caja kuma ta ɓace: yaya zan haɗa sabo?

Mai_Keken_Asuba
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sanin lantarki a cikinmu. Fitilar kekena irin mai batir daban ce, ana ɗaure batirin a jikin ƙarfen keke cikin 'yar jaka, waya ta tafi har kan keken inda fitilar take. Shekara 3 ke nan ina amfani da ita. Da tana sabuwa takan kai ni awa 3 har da ɗoriya, yanzu ko minti 20 ba ta kaiwa. Shekaranjiya ta ɗauke mini a tsakiyar hanya, ga duhu ga ramuka, dole na sauka na tura keken har gida. Cajar ma na neme ta sama da ƙasa ban gan ta ba.

Na yanke robar da aka naɗe batirin na duba. Ƙwayoyi huɗu ne irin 18650, wato ƙananan baturan litiyam masu siffar gwangwani, da wani ɗan allo kore siriri manne a gefensu. Wayoyi uku sun tashi daga ƙwayoyin zuwa allon, biyu kuma sun fita zuwa fulogi. A jikin jakar an rubuta 8.4V. Fitilar kanta lafiyarta ƙalau, ba na son jefar da ita. Zan iya sayen ƙwayoyi huɗu in musanya da hannuna? Sannan ina da wata adafta mai bolt 9 ta tsohon akwatin intanet, bakinta ya shiga fulogin daidai. Zan iya caji da ita, tunda ance allon nan yana yanke wuta in batir ya cika?

Gyara_Kayanka
Wa alaikumus salam. Malam, musanya ƙwayoyi mai yiwuwa ne, amma adaftar nan ajiye ta. Shigar baki ba shi ne dacewa ba. Abin da ke hannunka ƙwayoyi biyu ne kafaɗa da kafaɗa, wasu biyun ma haka, sannan aka jera rukunin biyu kai da wutsiya. Shi ne ake rubutawa 2S2P. Kowace ƙwaya tana cika a bolt 4.2, rukuni biyu a jere ya ba ka 8.4. Cajar da ka ɓatar mai bolt 8.4 ce ta batirin litiyam, ita za ka nema, ba wata ba.

Dogo_Mai_Feda
Ni fa wata 6 na yi ina cajin nawa da adafta mai bolt 9, ba abin da ya faru. Bambancin 8.4 da 9 nawa ne? Allon yana yankewa da kansa.

Injiniyan_Gida
@Dogo_Mai_Feda ɗan uwa, Allah ne ya tsare ka, kuma ina roƙonka ka daina. Bari in faɗi dalili don kada a ce tsoro ne kawai.

Caja ta gaskiya aiki biyu take yi. Da farko tana ƙayyade yawan wutar da ke shiga, misali amfiya 1 ko 2, ba ta bari batir ya zuƙa yadda ya ga dama. In ya kai 8.4 sai ta tsaya a nan cak, wutar ta riƙa raguwa a hankali har ta kusa ƙarewa, sannan fitilarta ta juya daga ja zuwa kore. Adafta ba ta san wannan ba. Ita bolt 9 kawai ta sani, za ta yi ta turawa. In ka raba 9 gida biyu, 4.5 ke nan a kan kowace ƙwaya, alhali iyakarta 4.2. Tsofaffin adaftoci masu nauyin nan kuwa, in ka auna su ba tare da an jona musu komai ba, za ka tarar sun haura abin da aka rubuta a jikinsu sosai.

Shi kuma allon, wato BMS, ba caja ba ne, mai gadi ne. An sa shi don ranar da caja ta lalace. Yawancinsu sai ƙwaya ta haura wajen 4.25 zuwa 4.3 suke yankewa. Ke nan kullum kana cusa wa ƙwayoyinka fiye da ƙima, suna tsufa da wuri, kuma duk ranar da ɗan allon nan ya gaza, babu sauran abin da ya tsaya tsakaninka da gobara.

Dogo_Mai_Feda
To gaskiya nawa yana ɗumi in yana caji, na ɗauka haka suke yi.

Injiniyan_Gida
Ɗan ɗumi kaɗan ba komai. In ya kai ka taɓa ka ji zafi sosai, cire shi nan take.

Ɗalibin_Lantarki
Yallaɓai @Mai_Keken_Asuba me zai hana ka sayi ɗan allon cajin nan TP4056? Da cajar waya ake jona shi, yana da fitila ja da shuɗiya, ni da shi nake cajin tocilata.

Gyara_Kayanka
@Ɗalibin_Lantarki ƙanena, TP4056 na ƙwaya ɗaya ne, ko ƙwayoyi da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa. Bolt 5 yake karɓa ya ba da 4.2, iyakarsa amfiya 1. Ba zai taɓa cika batir mai 8.4 ba. Wasu kuma suna ɗaukar guda biyu su sa wa kowane rukuni ɗaya, su jona su a cajar waya guda. Wannan shi ne mafi haɗari, domin negetif ɗin allunan biyu a haɗe yake ta wajen cajar, sai ka wayi gari ka haɗe bakin rukunin ƙasa da kansa. Akwai allo na daban da ke karɓar bolt 5 ya ɗaga shi zuwa 8.4, an rubuta 2S a jikinsa. In cajar waya kake so, wannan za ka nema.

Ɗalibin_Lantarki
Na gode yaya. Wallahi abin da nake shirin yi ke nan, allo biyu a caja ɗaya.

Baban_Khalifa
Ni magana ta kan ƙwayoyin ce. Ka yi hattara da masu rubutun 9800mAh ko 9900mAh, wato yawan wutar da ake cewa ƙwayar tana riƙewa. Na taɓa sayen guda huɗu irinsu, masu ado da hoton harshen wuta a jiki. Tun a hannu na ji ba su da nauyi. Na ɗora ɗaya a kan ɗan sikeli, ko giram 30 ba ta kai ba, alhali ƙwayar kirki tana tsakanin giram 45 zuwa 48. Na sa su a fitila, rabin awa suka yi. Girman 18650 ƙayyadadde ne, faɗi milimita 18, tsawo 65, sunan ma daga nan ya fito. A cikin wannan ɗan gwangwanin, manyan kamfanoni irin Samsung da LG da Panasonic a wajen 3500mAh ƙwayoyinsu da aka sani suka tsaya, kamar Samsung 35E da LG MJ1. Duk wanda ya rubuta maka ninki uku na haka, ƙarya ya buga a roba. Araha ba ta ado.

Mai_Keken_Asuba
Allah ya saka da alheri. Adafta dai na mayar da ita durowa. Wani abokina ya ce zai ba ni ƙwayoyi daga tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, kyauta. Su fa?

Baban_Khalifa
Ana samun masu kyau a ciki, amma sai an tantance. Auna kowace ɗaya da mitar auna bolt. Wadda ka tarar ta faɗi ƙasa da bolt 2.5 ni ba na yarda da ita. Sauran ka cika su, ka ajiye mako ɗaya ko biyu, ka sake aunawa. Wadda ta sauka ita kaɗai ba a taɓa ta ba, tana yoyo a ciki.

Injiniyan_Gida
Ni a nan na saɓa da Baban Khalifa kaɗan. Tsofaffin ƙwayoyi sun dace da tocila mai ƙwaya ɗaya. A batir mai jere kuwa, rukunin da ya fi rauni shi ke yanke wa kowa hukunci: shi zai riga cika, shi zai riga ƙarewa, allon ya yanke wuta alhali ɗayan rukunin yana da saura. Mutumin da zai shiga hanya cikin dare da fitilar nan, gara ya sa huɗu sababbi, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, saye ɗaya.

Uwar_Biyu
Ku yi haƙuri in shigo da tawa a nan tunda magana ɗaya ce. Maigidana yana da tsohuwar fitila mai ƙwan halojin, bolt 6 wat 10, batirinta irin baƙin nan mai nauyi kamar bulo. Shi ma ya daina riƙe wuta. Yaronmu ne yake hawa keken yanzu, nauyin batirin yana damunsa. Za a iya sa masa irin wannan na 8.4 ɗin?

Gyara_Kayanka
Hajiya, kada a sa. Ƙwan halojin ba shi da allon da ke daidaita masa wuta kamar LED, duk abin da aka ba shi haka zai sha. Ƙa'idar da aka saba faɗa ita ce ƙarin kashi 5 cikin 100 na bolt yana cinye kusan rabin kwanan ƙwai. Daga 6 zuwa 8.4 ƙarin kashi 40 ne. Zai yi haske fari tas na ɗan lokaci sannan ya ƙone.

Wanda ya dace da ita shi ne LiFePO4, wani nau'in litiyam ne daban. Ƙwayarsa bolt 3.2 ce, biyu a jere 6.4, kusan daidai da batirin dalmar da ke ciki in ya cika. Ya fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, kuma ya fi litiyam irin na 8.4 ɗin juriyar zafi. Amma yana cika ne a 3.65 kowace ƙwaya, don haka cajarsa mai 7.3 ce, allonsa ma nasa ne na kansa. Kada a sa masa tsohuwar cajar batirin dalma, kada kuma a sa masa ta 8.4.

Uwar_Biyu
Madalla, na rubuta. Na gode ƙwarai.

Tsohon_Makaniki
Yara, duk wannan wahalar ta caji da allo da mita, me ya sa kuka guji dainamo, ɗan injin da ke samar da wuta daga juyawar taya? Na cikin cibiyar tayar gaba nake nufi, ba tsohon nan mai gogar taya yana kuka ba. Bolt 6, wat 3, muddin ƙafarka na kan feda akwai haske. Ba ya mutuwa a tsakiyar hanya, ba a manta cajarsa. Da fitilar LED ta yanzu, wat 3 ɗin nan ya ishi mutum ganin hanya.

Dogo_Mai_Feda
Baba gaskiyarka, amma sai an kwance taya an sake ɗinke ta da sifok gaba ɗaya. Kuma a hanyar daji mai duwatsu inda kake tafiya a hankali, hasken ba ya kai na batir.

Tsohon_Makaniki
Haka ne, a hankali yakan yi rauni. Amma wani abu da na gani a fitilun dainamo, yawancinsu an yi su ne bisa dokar Jamus, wadda ta ce a yanke hasken daga sama don kada ya shiga idon mai tahowa. Waɗannan masu batir 8.4 kuwa zagaye suke watsa haske kamar tocila. Sau nawa ina tafe wani ya dallare mini ido har sai na tsaya. Duk wanda ya gyara batirinsa, don Allah ya sunkuyar da kan fitilar ƙasa.

Mai_Keken_Asuba
Na karɓa Baba, zan sunkuyar. Mu koma kan haɗin. Na yanke shawarar sayen sababbi huɗu. Da dalma zan liƙa su? Ina da ƙarfen narka dalma ƙarami, wat 30.

Injiniyan_Gida
Ban ba ka shawarar dalma a jikin ƙwaya ba. A masana'anta waldar ɗigo ake yi da siririn ƙarfen nikel, domin zafin ya taɓa ya wuce cikin ƙiftawar ido. Ƙarfenka mai wat 30 shi ne ma ya fi ɓarna, don ba zai narkar da dalmar da sauri ba, za ka daɗe kana dannawa, zafin ya ratsa ciki ya taɓa robar da ta raba fozitif da negetif. Ko ka sayi ƙwayoyin da aka riga aka walda musu kunne, ka liƙa waya a kunnen, ko ka kai wa mai injin walda, ko ka sayi akwatin ƙwayoyi huɗu mai sifirin wanda aka yi don 2S2P.

Baban_Khalifa
Ni na sha liƙawa da dalma kuma ba su lalace ba. Ƙarfe mai wat 80, a kankare bakin ƙwayar, a taɓa daƙiƙa biyu a ɗaga. Ba kowa ke da injin walda ba.

Injiniyan_Gida
Kai hannunka ya saba. Shi wannan ne karonsa na farko.

Dogo_Mai_Feda
Akwati mai sifirin ɗin kuma yana da tasa matsalar. In ka faɗa rami ƙwaya takan yi tsalle ta saki, fitila ta ɗauke. Ni sai da na cusa soso a cikin murfin kafin ta daina.

Gyara_Kayanka
Ko ma wace hanya ka bi, ga yadda nake yi, kuma tsarin yana da muhimmanci.

Kafin ka cire komai, ɗauki hoton tsohon batirin ta kowane ɓangare. Sannan auna sababbin ƙwayoyin. Biyun da za su zauna kafaɗa da kafaɗa dole bolt ɗinsu ya zo ɗaya, kada bambancin ya wuce 0.05. In ka haɗa cikakkiya da wadda ba komai, cikakkiyar za ta juye cikin 'yar uwarta da ƙarfi, babu abin da zai tare ta.

Ka lura da kan ƙwayar sosai. Ɗan tudun tsakiya ne kaɗai fozitif. Gwangwanin gaba ɗaya negetif ne, har da leɓen da ya zagaye tudun, robar waje ce kawai ta rufe shi. In robar ta yage a kafaɗa, ƙarfen nikel ya taɓa wurin, ka haɗe ƙwayar da kanta. Shi ya sa ake manna zoben takarda mai kauri a kan kowace ɗaya kafin a ɗora ƙarfe. Na taɓa ganin nikel ya yi ja kamar garwashi a hannun wani saboda ɗan yagewar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Ka cire zobe da agogo in za ka yi aikin.

Wayoyi ukun da ka gani: B- yana tafiya negetif na ƙasa, B+ fozitif na sama, na ukun, wanda ake rubutawa BM ko B1, yana tafiya mahaɗar rukunin biyu. Ta wannan wayar ta tsakiya allon ke ganin kowane rukuni daban. Mutane da yawa suna barin ta, su ce ai fitila na kamawa, alhali sun makantar da mai gadin. Fara da B-, sai na tsakiya, B+ a ƙarshe. Auna: daga B- zuwa tsakiya ka ga wajen 3.6, daga B- zuwa B+ ka ga ninkinsa. P+ da P- su ne ke fita zuwa fulogi, ta nan fitila ke sha, ta nan caja ke shiga. In ka gama ka auna P+ da P- ba ka ga komai ba, kada ka firgita, wasu allunan sai an taɓa musu caja sau ɗaya suke farkawa.

Allon ma sayi sabo mai 2S, wanda ke ɗaukar amfiya 5 ko fiye, kuma in da hali mai daidaita rukunoni. Sa fiyus na amfiya 3 zuwa 5 a wayar fozitif, kusa da batirin. Fitila mai wat 10 ba ta jan abin da ya kai amfiya 2, don haka ba zai riƙa tsinkewa a banza ba.

Ɗalibin_Lantarki
Awa nawa zai samu da sababbin?

Injiniyan_Gida
Lissafa da kanka. 3500mAh biyu kafaɗa da kafaɗa, amfiya-awa 7. Ninka da bolt 7.2, wajen wat-awa 50. Raba da wat 10, awa 5 a takarda. A kan hanya ka sa ran 4 da wani abu. Caja mai amfiya 1 za ta ci wajen awa 8 kafin ta cika shi, mai amfiya 2 kusan rabin haka, kuma amfiya 2 bai yi wa ƙwayoyin nan yawa ba tunda biyu ne ke raba shi.

Uwar_Biyu
Ni abin da zan ƙara, kada a bar shi yana caji a kan katifa ko kujera a tafi barci. A ɗora shi a kan siminti, nesa da labule, ido na kai.

Mai_Keken_Asuba
Ga inda aka kwana. Kafin in zubar da tsofaffin na auna su: rukuni ɗaya 3.9, ɗayan 2.8. Da na duba da kyau sai na ga wayar tsakiyar ta yi tsatsa kore daidai inda ta shiga allon, da ɗan danshi a cikin robar. Ashe ruwan sama ya daɗe yana shiga ta wurin da wayar ta fito.

Na samu ƙwayoyi masu kunne, na bi tsarin da Malam Gyara_Kayanka ya faɗa. Na auna fulogin sabuwar cajar kafin in jona, tsakiya fozitif, waje negetif, daidai da na fitilar. Ta yi ja, bayan awa 4 da rabi ta koma kore, mita ta nuna 8.38. Jiya na yi awa 2 a hanya ba ta ko rage haske ba. Sai dai abu ɗaya: in na taka rami tana ƙiftawa, wani lokaci ta sauya daga babban haske zuwa ƙarami ita kaɗai.

Dogo_Mai_Feda
Ba na faɗa ba? Wani abu ne ke saki in an girgiza.

Gyara_Kayanka
Nasa ba mai sifirin ba ne, don haka na fi zargin fulogi. Akwai 5.5 da 2.1, akwai 5.5 da 2.5. A ido iri ɗaya ne, faɗin waje duka milimita 5.5, ramin ciki ne ya bambanta. In ramin 2.5 ne allurar kuma 2.1, zai shiga, zai kama, amma yana lilo. Sabon fulogi ka sa ko tsohon?

Mai_Keken_Asuba
Sabo na sa, tsohon ya tsage.

Baban_Khalifa
Ni kuma na fi zargin liƙin da ke kan P-. In dalmar ta fito dusu-dusu kamar toka ba ta sheƙi, ba ta kama ba. Kunna fitilar a ɗaki, ka riƙa motsa wayar taƙi-taƙi daga batir har kan keke, inda ta ƙifta nan ne. Kuma kafin ka rufe, ka toshe mafitar wayar da gam ɗin silikon, ka juya jakar yadda wayar za ta fito ta ƙasa, ruwa ya gangara ya ɗiga maimakon ya bi ta ya shiga.

Injiniyan_Gida
Tsofaffin ƙwayoyin fa kada a jefa su cikin shara haka nan. Rufe bakin kowace da salatif, a kai inda ake karɓar tsofaffin batura.

Tsohon_Makaniki
Ka sunkuyar da fitilar kuwa?

Mai_Keken_Asuba
Na sunkuyar Baba. Yau da daddare zan gwada motsa wayar kamar yadda Baban Khalifa ya ce, in ba a nan ba ne gobe in nemo fulogi mai 2.1. @Gyara_Kayanka akwai yadda zan gane girman ramin ba tare da ma'auni ba?